Kwana Biyu a Istanbul Kafin Jirgin Ruwa Ya Ɗaga: Masauki, Abinci da Wuraren Leƙawa

Duk wanda ya yanki tikitin jirgin ruwan shaƙatawa da zai tashi daga Istanbul, ya riga ya biya kuɗin gado mai laushi, da abincin da ba a kwashe shi, da kallon teku safe da yamma har na mako guda. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne yadda mutanenmu kan sauka birnin kwana ɗaya ko biyu kafin tafiyar, sai su sake zuba kuɗi a kan waɗannan abubuwa uku: otal mai tsada don tagarsa na kallon ruwa, cin dare a cikin kwalekwale mai fitilu, da teburin abincin da ake ɗiba da kai. Ni a wurina, abin da jirgi zai ba ka gobe bai kamata ka saye shi yau a tudu ba. Kuɗinka da ƙarfin ƙafarka ka kashe su a kan abin da jirgin ba shi da shi. Da wannan ma'auni nake auna masauki, da shi nake auna abinci, da shi kuma nake tace wuraren ziyara.

Tun farko dai, ba a fafe gora ranar tafiya. Daga Abuja ko Legas zuwa Istanbul tafiyar awa shida zuwa bakwai ce a sama, agogonsu yana gaba da namu da awa 2, kuma babban filin jirgin saman birnin yana da nisan kusan kilomita 40 daga bakin ruwa. Jirgin sama ya yi jinkiri, ko akwati ta maƙale a hanya, to jirgin ruwa ba ya jiran kowa, ko da kuwa kai ne ka kama ɗaki mafi tsada a cikinsa. Kwana ɗaya kafin ranar tashi shi ne mafi ƙaranci, kwana biyu shi ne hankali kwance. Sai maganar biza: yawancin jiragen da ke tashi daga nan, irin su na MSC da Costa, suna yada zango a tsibiran Girka, wasu har Italiya, kuma waɗannan ƙasashen Shengen ne. Mai fasfon Najeriya ko Nijar zai buƙaci bizarsu ban da ta Turkiyya. Idan kuma jirgin zai biyo ta Kuşadası, wata tashar ruwa ta Turkiyya, ko zai dawo da kai Istanbul, ka tabbata bizarka ta Turkiyya ta shiga fiye da sau ɗaya ce.

Tashar da za ka shiga jirgi sunanta Galataport. An buɗe ta a 2021, ta miƙe a bakin ruwa tsawon kilomita 1.2 daga Karaköy zuwa Fındıklı, kuma a ƙarƙashin ƙasa ake duba fasfo da kaya, sama kuwa shaguna ne da wurin shan iska. Ka dai duba takardarka, domin wani jirgin kan tsaya a Sarayburnu, tsallaken ruwa. Abu na biyu da ya kamata ka haddace shi ne jirgin ƙasan da ke bin tsakiyar titi, wanda suke kira tramvay, wato taram, layin T1. Shi ne igiyar da ta ɗaure kusan duk abin da zan ambata. Daga Tophane, wato ƙofar tasha, zai kai ka Karaköy, ya haye gadar Galata zuwa Eminönü, Sirkeci, Gülhane, Sultanahmet, ya wuce babbar kasuwa har Laleli da Aksaray. Da kati ɗaya, Istanbulkart, ake hawansa, da shi ake hawan jiragen fito da jirgin ƙarƙashin ƙasa, kuma mutum biyu ko uku suna iya amfani da kati guda. Otal ɗin da ke kusa da wannan layi ya fi wanda ya fi shi kyau amma yake nesa da shi, domin cunkoson motoci a Istanbul abu ne da ko ɗan Legas zai jinjina masa.

Gardamar gaske a kan masauki tsakanin unguwanni biyu take, Karaköy da Sultanahmet.

Karaköy ita ce maƙwabciyar tasha. Daga otal da dama a nan, ja da akwatinka kawai za ka yi, minti 10 ka isa. Mai hali akwai The Peninsula, wanda aka buɗe a 2023 a jikin tashar kanta, akwai JW Marriott da Novotel, sannan ƙananan otal birjik a lunguna. Gine-ginen sun fi zama na zamani, akwai lif, akwai masu ɗaukar kaya, tasi na iya zuwa har bakin ƙofa. Ba ta rasa masallaci ba: na Kılıç Ali Paşa, wanda shahararren magini Sinan ya gina wajen 1580, yana daf da Tophane, ga kuma na Nusretiye a gefensa. Aibinta shi ne dare. Unguwar matasa ce da gidajen gahawa da mashaya, wasu lungunan kiɗa ba ya yankewa sai tsakar dare ta gota. Mai iyali ya nemi ɗakin da ba ya fuskantar titi. Akwai kuma wata yaudara da taswirar waya ke yi: za ka ga otal an rubuta "Galata", nisansa da tasha mita 600 kacal, ka ce ai kusa ne. Wannan mita 600 ɗin hawan dutse ne, da matakala da daɓen duwatsu. Saurayi da jakar goyo ba zai damu ba. Dattijo da akwati biyu zai tuna da ranar har ya koma gida.

Sultanahmet kuwa ita ce tsohon birni, cibiyar sarautar Rumawa da ta Daular Usmaniyya (tasu ta Turkiyya nake nufi, ba tamu ta Sakkwato ba). Abin da wannan unguwa ke sayarwa ba gado ba ne, asuba ce. Ka fito daga otal duhu bai washe ba, ladanin Masallacin Sultan Ahmed da na Aya Sofiya suna karɓa-karɓa, filin da rana tsaka ba ka samun wurin sa ƙafa ga shi fayau sai kyanwoyi da masu shara. Ka yi sallah a ƙarƙashin ƙubbar Aya Sofiya, ginin da aka gama tun shekarar 537, ka dawo ka karya a saman bene kana kallon hasumiyoyi shida na Masallacin Sultan Ahmed. Babu jirgin ruwan da zai ba ka wannan, kuma wanda ya kwana a Karaköy ko Taksim da wuya ya same shi, sai dai ya iso tare da tawagar masu hula da kyamara da hantsi.

Sai dai zuma da harbi take. Yawancin otal ɗin Sultanahmet tsofaffin gidaje ne da aka gyara, ɗakuna ƙanana, matakala siririya, wasu ba lif. Na taɓa kama irinsu ina tare da gwaggona, ban tambaya ba, na ga hoto na ga araha na biya. Muka iso aka ce ɗakinmu hawa na uku ne, wurin karin kumallo hawa na biyar. Baiwar Allah ta dubi matakalar ta dube ni, ta ce, "Ɗan nan, hajji na biyu ka kawo ni?" Kwana biyun nan a ɗaki nake kai mata shayi. Tun daga ranar, tambayata ta farko ga kowane otal a tsohon birni ita ce akwai lif, kuma yana kai wa har wurin cin abinci? Ta biyu, mota na iya tsayawa a ƙofarku? Domin wasu titunan kewayen filin an hana mota shiga, direba zai sauke ka a bakin hanya ka ƙarasa da ƙafa. Mai son alfarma a nan ma bai rasa ba, akwai Four Seasons, wanda asalinsa gidan kurkuku ne aka mayar otal. Amma dai ka tuna ma'aunin nan: alfarma tana jiranka a jirgi.

Akwai ta uku da ba a cika ambata ba, kuma ita nake nuna wa yawancin masu tambayata, wato Sirkeci. Tana tsakanin biyun, ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya a ƙasan tudun Sultanahmet, kusa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa da ta zama zangon ƙarshe na Orient Express, shahararren jirgin ƙasan da a da yake zuwa daga yammacin Turai. Tsayawa biyu a taram ka isa Aya Sofiya, tsayawa uku ka isa Tophane. Jiragen fito na Eminönü da kasuwar kayan yaji duk tafiyar ƙafa ne. Otal ɗinta matsakaita ne, gininsu ya fi na Sultanahmet sabunta, gidajen abincinta kuma 'yan gari na ci a cikinsu, wanda alama ce mai kyau. Ba ta da ƙawar tsohon birni, ba ta da ƙyalƙyalin Karaköy. Amma mai kwana biyu da ke son ya ga gari kuma ya isa jirgi ba tare da tashin hankali ba, nan ya fi masa.

Taksim ba zan daɗe a kanta ba. Manyan otal suna nan, titin İstiklal yana nan da shagunansa, ga Pera Palace da aka gina a 1892 don fasinjojin Orient Express, ga babban masallacin da aka buɗe a dandalin a 2021. Amma tana kan tudu, hayaniyarta ba ta ƙarewa, kuma kafin ka kai tsohon birni sai ka sauko ta jirgin da igiya ke ja zuwa Kabataş ka canja. Ta dace da mai mako guda, ba mai awa 48 ba. Tsallaken Asiya, Kadıköy da Üsküdar, sun fi araha kuma sun fi daɗin zama, amma tsallake ruwa da akwatuna ranar shiga jirgi neman magana ne. A je can yawo, kada a kwana.

Saura Laleli da Aksaray, inda 'yan kasuwarmu suka sani kamar tafin hannunsu. Na san jarabar. Otal da sauƙi, ga dilolin abaya da takalma da kayan yara, ga masu aika kaya gida, ga ma mai jin Hausa in ka yi sa'a. Layin T1 ma ya bi ta nan. To amma taura biyu ba ta taunuwa. Wanda ya sauka Laleli da niyyar "zan ɗan leƙa shago ɗaya", magariba za ta same shi yana ciniki, bai ga ko ƙofar fadar Topkapı ba. Kuma ina za ka kai kayan? Ɗakin jirgi ƙarami ne, akwati ma a ƙarƙashin gado ake tura ta. In sari ne a ranka, ka ware masa kwanaki bayan an dawo.

A taƙaice dai, mai dare ɗaya tak, ko wanda jirginsa na sama zai sauka da yamma, ya kwana Karaköy a gefen da ba tudu. Mai dare biyu da tsofaffi ko yara, Sirkeci. Mai dare biyu ko uku, ƙafarsa lafiya, kayansa kaɗan, kuma sallar asuba a manyan masallatai na cikin abin da ya kawo shi, Sultanahmet. Wani abin farin ciki da ya shafi duka: bayan gidan Turkawa kusan ko'ina yana da ɗan famfon tsarki a jikinsa, ba sai ka nemi buta ba. A jirgin ne za ka neme ta, don haka ka tanadi 'yar gora.

Wuraren ziyara kuma, kalanda za ka fara dubawa kafin taswira. Fadar Topkapı a rufe take ranar Talata. Fadar Dolmabahçe ranar Litinin. Babbar kasuwa mai rufi, Kapalıçarşı, ranar Lahadi. Ranar Juma'a kuma ba a barin masu kallo shiga manyan masallatai sai an sauko daga sallah, wanda ga mai sallah ba matsala ba ce, gata ne, in dai ya je da wuri ya samu sahu.

In lokaci bai isa fada biyu ba, wacce za a ɗauka? Dolmabahçe ta fi kusa da tasha, an gama ta a 1856, tana da ɗakuna 285, da wata fitilar ƙarau mai rassa da nauyinta ya kai tan huɗu da rabi. A nan Atatürk, wanda ya kafa Jamhuriyar Turkiyya, ya rasu ranar 10 ga Nuwamba, 1938. Gini ne na sarakunan da suka koma kwaikwayon Turai, zinariya da madubi da labule. Tana da kyau, amma irin kyan da za ka sake gani a zauren jirginka, ko da na jirgin jabu ne. Topkapı daban ce. Sultan Muhammad al-Fatih ya fara gina ta 'yan shekaru bayan ya ci birnin a 1453, kuma tsarinta zai yi wa duk wanda ya san gidan sarauta a ƙasar Hausa kama da abin da ya sani: ƙofa bayan ƙofa, fili bayan fili, kowane mataki yana rage yawan masu izinin wucewa, har a kai cikin gida. Abin da ya fi jan mutanenmu shi ne ɗakin amanoni masu tsarki, kayan da aka fara tarawa bayan Sultan Salim na Ɗaya ya ci Masar a 1517. Akwai akwatin zinariya da ke ɗauke da mayafin da ake jinginawa ga Manzon Allah (SAW), da takubban da ake jinginawa gare shi da halifofinsa, da tsofaffin mabuɗan Ka'aba da indararonta. Mai karatu yana zaune a gefe yana tilawar Alƙur'ani ba yankewa. Layin shiga wannan ɗaki yakan yi tsawo, don haka ka iso ana buɗe ƙofa, ka nufe shi kai tsaye, sauran fadar ka zaga daga baya. Ka ba ta awa uku. In ka ba ta ɗaya, ka ɓata kuɗin tikiti.

Aya Sofiya da Masallacin Sultan Ahmed suna kallon juna, ba sai an zaɓa ba. Ta farko coci ce da sarki Justiniyan ya gina, ta zama masallaci a 1453, ta zama gidan tarihi a zamanin Atatürk, ta koma masallaci a Yulin 2020. Tun farkon 2024 baƙo mai zuwa kallo yana biyan yuro 25 ya hau bene ta wata ƙofa daban, inda tsofaffin zane-zanen Rumawa suke. Mai zuwa sallah ta ƙasa yake shiga, ba ya biya. Na Sultan Ahmed, da aka gama a 1617, kyauta ne ga kowa. Amma in ka tambaye ni masallacin da ya fi sanyaya rai, ba ɗayansu ba ne, Süleymaniye ne. Sinan ya gina wa Sultan Sulaiman shi tsakanin 1550 da 1557, a kan tudu, babu turereniya, haske na shigowa ta ko'ina. Kabarin sarkin da na matarsa Hürrem suna harabar, na maginin yana can gefe a wani ɗan lungu. Ka zagaya bayan masallacin ka tsaya a bakin katanga: ga gadar Galata, ga mashigin Bosforus, in jirginka ya riga ya iso ma za ka hango shi a tsaye kamar unguwa guda. Wannan kallo shi ya sa ba na ba kowa shawarar bin layin hasumiyar Galata. Tsohuwa ce, tun 1348 mutanen Jenowa suka gina ta, ka ɗauki hotonta daga ƙasa ya wadatar.

Wuri ɗaya da ke wajen layin T1 amma ya cancanci a karkata dominsa shi ne Eyüp Sultan, inda kabarin Sahabi Abu Ayyub al-Ansari yake, wanda ya sauki Manzon Allah (SAW) a gidansa lokacin hijira, ya kuma rasu a yaƙin da Musulmi suka kawo wa birnin a zamanin Mu'awiya. A da, a nan ake ɗaura wa sabon sarkin Usmaniyya takobi. Daga Eminönü akwai taram na T5 da ke bin gaɓar ruwa har can. Wurin ba na 'yan yawon buɗe ido ba ne sosai, na iyalan Turkawa ne, za ka ga yara maza sanye da kayan sarauta an kawo su kafin kaciya. In gwaggo ko Baba na cikin tafiyar, ka fifita nan a kan matattarar ruwan ƙarƙashin ƙasa ta Yerebatan, duk da ginshiƙanta 336 abin kallo ne. Ita rabin awa ta ishe ta, in layi bai yi tsawo ba.

Batun yawo a ruwa yana da ɗan sarƙaƙiya. Na ce kada a sayi abin da jirgi zai bayar, amma babban jirgi kudu yake nufa, tekun Marmara, ba ya haurawa cikin Bosforus. Gadoji da gidajen katako na bakin ruwa da ganuwar Rumeli Hisarı ba za ka gan su daga barandarka ba. To a nan zaɓi uku ne. Kwalekwalen cin dare da ake tallarsa a kowane lungu, da kiɗa da rawa da giya, abincinsa kuma ba abin a zo a gani ba, wannan a bar shi. Doguwar tafiyar jiragen hukuma, Şehir Hatları, zuwa Anadolu Kavağı tana cin kusan awa shida, ta cinye maka yini. Gajeruwarsu ta kusan awa biyu daga Eminönü ita ce daidai. In ma wannan ya yi yawa, ka hau jirgin fito na 'yan gari zuwa Üsküdar ko Kadıköy da katinka, minti 20 ka tsallaka daga Turai zuwa Asiya, da kofin shayi a hannu, tsuntsaye na bin ku a baya.

Wannan tsallakawa ita ke kawo mu ga ciki. Nama a Turkiyya ba abin fargaba ba ne, na halal ne kusan ko'ina, alade sai an neme shi. Abin lura shi ne giya. Gidan da aka rubuta meyhane mashaya ce mai abinci, kuma wasu gidajen da rana ta abinci ce zalla, da dare su rikiɗe. Kalmar da za ka nema ita ce lokanta, musamman esnaf lokantası, wato gidan abincin 'yan kasuwa da masu sana'a. Tukwane ne a jere bayan gilashi, ka nuna da yatsa a zuba maka, ba ka buƙatar Turkanci ko kalma ɗaya. Miyar adas, shinkafa da man shanu, wake a romon tumatir, naman rago da gauta ko kuɓewa. Farashi a rubuce, ci ka tashi.

Kishiyarsa su ne gidajen da ke kan titin taram a Sultanahmet da ƙarƙashin gadar Galata, inda wani ke tsaye a ƙofa yana kiran ka "ɗan'uwa" da harsuna biyar. Ba duka ne macuta ba, amma kuɗin wurin zama kake biya, ba na girki ba. In ka zauna, kifi ka tambayi kuɗinsa kafin a gasa, domin da awo ake sayar da shi, kuma ƙananan faranti da aka ajiye maka ba ka nema ba, ka tambaya ko kyauta ne. A wannan titin dai akwai wanda ya fita zakka: Tarihi Sultanahmet Köftecisi Selim Usta, tun 1920 suke gasa curin niƙaƙƙen nama, da salak ɗin wake a gefe, ba wani tarkace. Maƙwabta da yawa sun ari sunan, ka duba shekarar a jikin allo.

In ka fito daga Süleymaniye, a gaban ƙofarsa akwai jerin masu dafa wake, kuru fasulye, a kan shinkafa. Bahaushe ba baƙon shinkafa da wake ba ne, sai dai nasu da romo da man shanu. Mai kewar balangu kuma ya gangara Kadınlar Pazarı a Fatih, kusa da tsohuwar gadar ruwa ta Rumawa, inda mutanen Siirt ke gasa rago a cikin rami, büryan, a yanka maka a kan gurasa. Wannan shi ne abincin da na fi tunawa a birnin gaba ɗaya, kuma da rana ake cin sa, kafin ya ƙare. Na zama da iyali cikin natsuwa, Hacı Abdullah da ke gefen İstiklal, mai tarihi tun 1888, ba a sayar da giya, girkin gidan sarauta ne, kuɗinsa ya ɗan ɗaga. A tsallake akwai Kanaat a Üsküdar, tun 1933, da Çiya a kasuwar Kadıköy, inda ake dafa abincin ƙauyukan Anadolu da ko Baturken Istanbul wani bai san sunansa ba. Tsakanin ukun, mai son sabon ɗanɗano Çiya, mai tsoron abin da bai sani ba Kanaat.

Gaskiya ɗaya: harshen da ya saba da attaruhu zai ji abincinsu lami. Kalmar ita ce acı, ana furta ta "aji". Kebab ɗin Adana yana da yaji, na Urfa babu. Jan barkono dakakke yana kan kowane tebur, ka barbaɗa ba kunya. Ayran nono ne da gishiri, ya fi kowane lemo dacewa da nama. Kifi a burodi na Eminönü, da ake yi wa layi, titus ne da albasa, ka ci sau ɗaya don wurin, ba don kifin ba. Karin kumallo ma kada ka ƙara kuɗi don babban teburin otal. Simit mai riɗi daga amalanken titi, ko ƙwai da tumatir da suke kira menemen, da baƙin shayi a ɗan kofin gilashi, sun fi.

Zaƙi kuwa gardama ce tsakanin Hafız Mustafa, mai rassa ko'ina da 1864 a jikin allonsa, da Karaköy Güllüoğlu, wanda zuriyar masu baklava (wani kayan zaƙi ne mai kama da alkaki) daga garin Gaziantep suka buɗe a 1949. Na farko ya fi wurin zama da kwalin tsaraba. Na biyu ya fi baklava, a bakina dai, kuma tafiyar 'yan mintoci ce daga tasha. Ka ci a can da zafinsa. Tsaraba ka bari sai an dawo, domin baklava ba ta son mako guda a ɗakin jirgi, kuma kamfanoni da dama ba sa barin a shiga da abincin da ba a liƙe yake daga masana'anta ba.

Ranar tashi kada ka sa wa kanka fada ko kasuwa. Ka manna wa akwatuna takardun da kamfanin jirgi ya aiko tun da dare, fasfo da magani da caja su zauna a jakar hannu, domin akwati kan yi awanni kafin ta iso ɗaki. In daga tsohon birni kake da kaya masu nauyi, taram da safe a cike yake maƙil, gara otal ya kira maka mota, ko ka kira ta manhajar BiTaksi, ka kuma ga an kunna mita. Ka miƙa kaya a lokacin da aka rubuta maka. In da sauran lokaci bayan haka, masallacin Kılıç Ali Paşa yana tsallaken titi, ka yi azahar a can. Da bazara rana ba ta faɗuwa a Istanbul sai bayan ƙarfe 8, saboda haka jirgin da ya ɗaga da yamma da haske zai fita. Ka hau can sama ka tsaya a hannun dama: Topkapı za ta fara wucewa, sai Aya Sofiya, sai hasumiyoyi shida na Sultan Ahmed. Hasumiyar Budurwa da Üsküdar suna hagu, ga mai saurin ƙafa da zai iya tsallaka jirgin kafin su ɓace.